Murhun Nasiba Mai Fanka

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin taranzit a Gaya, ina bin takardun kayan ƴan kasuwa daga wannan biro zuwa wancan a duwan, wato ofishin kwastan. In ka cire watannin azumi, da wuya a samu kwana talatin cikin shekarun nan da ban ci abincin Nasiba ba. Rumfarta tana bayan filin da manyan motoci ke tsayawa kafin su nufi gadar da ke ƙetarawa Benin, ƙarƙashin wani tsohon iccen bedi. Benci uku ne, da tebur mai gurguwar ƙafa, da randa biyu. Direbobi suna ce mata Inna, har waɗanda suka girme ta.

Mutuniyar Tanda ce, ubanta manomin rake da rogo. Aure ya kawo ta Gaya, gidan Cha'ibu, wani dogon mutum mai jirgin ruwa. Dandanci ne bakinsa, Hausa a kasuwa ya tsince ta, har yau in ransa ya ɓaci takan kuɓuce masa. Lokacin da suka yi aure kogi yana ciyar da gida. Daga baya kifi ya ja baya, masu ƙetarewa kuma kowa gada yake bi, sai jirgin Cha'ibu ya koma ɗaukar buhunan shinkafa in an yi girbi a fadama, sauran shekara yana ɗaure a bakin ruwa. Da Nasiba ta ga haka sai ta ɗauki tukunya ɗaya da duwatsu uku ta fito bakin hanya, tana goye da ɗiyarta Nuriya, wadda yanzu ungozoma ce a Yamai.

Ta yi shekara ashirin da wani abu tana hura itace. Busasshen itace ya yi wuya a garin, yawanci ɗanye ake kawo mata, shi kuwa ɗanye sai ya sa ka kuka kafin ya kama. Idanunta kullum jajur, gefen zanenta kullum a jiƙe saboda share hawaye. Tari ya fara mata kaɗan-kaɗan, muna ce mata sanyi ne, ita ma tana cewa sanyi ne. Da ya kai ba ta iya hawa ɗan tudun da ke tsakanin gidansu da rumfa sai ta tsaya sau biyu, Nuriya ta zo ta kai ta asibiti a Dosso. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinta ya duba, ya tambaye ta ko tana shan taba.

Ta ba mu labarin nan ya fi sau goma, kuma kowane lokaci sai ta sake jin haushi. "Na ce mishi, likita, dube ni da kyau. Ni? Taba? Ya ce to Inna, ƙirjinki na wanda ya shekara talatin yana sha ne. Ya ce ko ki bar hayaƙi, ko hayaƙi ya kai ki inda ba a dawowa."

A wannan shekarar ne murhun ya zo. Wani porje ne, irin shirin nan na taimakon jama'a, ya raba wa mata ashirin na ƙungiyar unguwarsu don gwaji. Ƙarfe ne zagayayye, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, yana da bango biyu, na ciki da na waje, da ƴan ramuka a kewayen bakinsa. A gindinsa akwai ƙaramar fanka da ba ta fi tafin hannu ba. Ba itace yake ci ba, ba gawayi ba. Buntun shinkafa da ɓawon gujiya ake niƙawa, inji ya matse su su fito gajeru-gajeru masu tauri. Mutanen porje suna ce musu garanule. Matan suka duba suka ce ai wannan kashin awaki ne, sunan kuwa ya zauna. Sai ka cika murhun da su, ka kunna wuta ta sama, ka buɗe fanka. Iska ta bi ramukan nan, harshen wuta ya tashi tsaf kamar na gaz, babu hayaƙi, babu toka a ido.

Yawancin matan ba su riƙe shi ba. Wasu ba su da kuran, wato wutar lantarki, a gida, fanka kuwa sai da kuran. Wasu mazansu suka ce tuwo ya daina ƙanshin wuta. Wata ta kife nata ta mai da shi kujera. Nasiba ta riƙe nata, har ta karɓi na maƙwabciyarta ya zama biyu. Zakari, mai gyaran rediyo da salula da shagonsa ke jikin rumfarta, wani mutum mai furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare, shi ya ja mata waya daga shagonsa. Cikin wata uku idanunta suka washe. Tarin bai tafi ba, amma ya daina hana ta magana. Na tuna ranar da na lura tukwanenta sun daina baƙi, na yi mata barka da sababbin tukwane, ta yi dariya ta ce tsofaffin ne, yau dai na ga fuskarsu.

Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a Gaya. Kowane murhu yana da ɗan batir a cikinsa mai riƙe fanka kamar awa biyu, kafin ya ƙare yawanci kuran ya dawo. Haka aka yi shekara uku, batiran suna tsufa, ba wanda ya kula, don ba a taɓa jarraba su da gaske ba.

Sai damanar 2023. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai aka rufe iyakoki, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ma aka yanke ta. Gada ta yi tsit. Mu masu taranzit muka wayi gari ba takardar da za mu bi, muna zuwa biro don dai kada mu zauna gida. Kuran kuwa sai ya leƙo na ɗan lokaci ya tafi, wani lokacin ya kwana biyu bai leƙo ba.

Ina zaune a benci ranar da fankar ta tsaya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, shinkafa da wake suna kan wuta, ruwa bai tsotse ba. Ƙarar fankar nan siririya ce, mun saba da ita har ba ma jin ta, sai da ta ɗauke muka ji. Harshen wutar ya yi ƙasa, ya yi ja, ya mutu. Sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin tukunya, mai kauri, rawaya-rawaya, wanda ya fi na ɗanyen itace ɗaci. Ashe murhun nan in ba iska, ya fi kowane murhu hayaƙi. Nasiba ta sunkuya za ta sauke tukunya, ta shaƙa, tari ya sarƙe ta har ta durƙusa ta dafa ƙasa. Ni da wani mai cin abinci muka janye ta waje, wani direba ya kwara wa murhun ruwa. Da ta samu numfashi abin da ta fara cewa shi ne a nemo mata duwatsu uku, shinkafar mutane za ta lalace. A kan itace ta ƙarasa girkin ranar, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta kuma yi kwana biyu ba ta fito ba.

A daidai lokacin nan kuma kogi ya tuna da Cha'ibu. Da aka rufe gada, duk mai son zuwa Malanbil, garin da ke ƙetaren gada, ko dawowa sai ta ruwa. Jirgin da ya shekara yana ɗaure aka toshe ramukansa, aka sa masa inji, Cha'ibu ya koma fita da asuba kamar saurayi. Na je gaishe ta a gida rana ta biyu, na tarar da su a tsakar gida suna maganar.

"Ki zamna ki huta," in ji shi. "Shekara nawa kina ɗauke da gidan ga? Yanzu Allah ya buɗa mini, ki bar mini. Ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji, Maigida."

"To mi ya rage?"

"Mutanen da ke filin can. Motocinsu sun maƙale, iyayen gidansu sun ce kada su bar mota. Wa zai dafa musu?"

"Ke kika haife su?"

Ta ci gaba da tsince wake a faifai. Ya juya wajena ya ce in yi mata magana, ni mai ilimin lakwal ne, na yi boko. Gaskiya a ranar ina bayansa. Na ɗauka taurin kai ne kawai. Sai daga baya, da ni ma na yi watanni ina tashi da safe ba inda ake jirana, na gane abin da take gudu.

Rana ta uku ta fito, ta zauna a ƙofar shagon Zakari ta ce ba za ta koma wa itace ba, ba kuma za ta rufe rumfa ba, shi ya san yadda zai yi. Zakari ya kwance gindin murhu ya karanta abin da aka rubuta jikin fankar. Ya ce abin da take ci bai taka kara ya karya ba, ƙwan fitila ɗaya ya fi ta ci. Matsalar dai a samu abin da zai riƙa ba ta shi daga safe har azahar ba yankewa.

Suka fara da gurup, ɗan janaretan mai facin taya na bakin hanya. Aka ja waya, fanka ta juya, abinci ya dahu. Amma esans, wato fetur, ya yi wuya tun da aka rufe iyakar Najeriya, mai faci kuma ba ya tayar da gurup sai in taya ta zo, tayoyi kuwa sun daina zuwa. Ga ƙara, ga hayaƙinsa da iska ke korowa cikin rumfa ya tayar mata da tarin da ake gudu. Kwana uku ta ce a cire.

Zakari ya kwance batir ɗin motonsa, babur ɗin da yake hawa, ya ɗaura. Ya riƙe murhu ɗaya har wajen sha ɗaya, sannan fankar ta fara jan ƙafa. Da yamma moto ta ƙi tashi, muka tura shi har kan kwalta, yana gunaguni. Ya yi haka kwana huɗu kafin ya ce shi kam shekarunsa sun wuce turin moto.

Cikin direbobin da suka maƙale akwai Alassan, mutumin Jugu ta ƙasar Benin. Ya sauke kaya a Dosso yana komawa gida aka rufe gada a gabansa. Yana iya shiga jirgi ya ƙetare, gidansu tafiyar yini ɗaya ce, amma mai motar ya ce in ya bar ta ya bar aikinsa. Mutum ne gajere mai kauri, ba ya yawan magana, kullum yana wanke motar nan da ba ta zuwa ko'ina. Shi ne wata safiya muka hango yana turo burweti, wato baro, da wani ƙaton batir a ciki.

"Inna, motata batir biyu gare ta," ya ce. "Suna zamne suna mutuwa a banza. Ki riƙe ɗaya. Duk bayan kwana uku in maida shi in tayar da inji ya cika, dama dole in riƙa tayar da ita."

Zakari ya ɗaura wayoyi, ya nuna mata: ja wajen ja, baƙi wajen baƙi, kada a sake su haɗu. Ya ɗaura jan ƙyalle a ɗayar don kada ta ruɗe. Murhu biyu suka tashi lokaci ɗaya, suka yi kwana uku fanka ba ta ko yi sanyi ba. Nasiba ta zauna tana kallon batir ɗin nan kamar baƙon da ya zo daga nesa. Ta samo katako ta ɗora shi don kada ya taɓa danshi, ta rufe shi da tsohuwar tabarma.

Watannin nan rumfar ta zama wani abu daban. Ba ciniki ake ba sosai. Wanda motarsa ke ɗauke da albasa ta fara ruɓewa, mai kaya ya ce a raba, sai ya kawo buhu. Wani ya kawo mai, wani ya kawo taliya. Cha'ibu, duk da faɗan da ya yi, ba ya dawowa daga kogi hannu wofi, ko tarwaɗa ko doya daga ƙetare, ya ajiye a bakin rumfa ya wuce. Mutanen Benin, da na Togo, da namu na Tawa da Maraɗi, suna cin kwano ɗaya suna gardamar ranar da za a buɗe gada. Kowa yana da wanda ya gaya masa sati mai zuwa ne.

Ɓarnar da aka yi, son taimako ne ya jawo ta. Wata rana Zakari ya tafi jana'iza Yelu. Alassan ya gaji da turin burweti, sai ya yi dabara: ya matso da motar har jikin bedi, ya ja waya kai tsaye daga inda batiran biyu suke haɗe. Bai tuna cewa in suna haɗe ƙarfinsu ninki biyu ne ba. Fankar murhun da ya fara ɗaurawa ta yi wani irin ihu, ta juya kamar za ta tashi sama, sai warin roba ya fito, ta tsaya cak. Alassan ya tsaya riƙe da waya, gumi yana zubo masa.

"Inna, na kashe miki ita."

Na ga fuskarta ta canza. Murhun nan ba a sayar da kayansa a Gaya, mutanen porje kuma sun daɗe da tattara nasu sun tafi. Ta dubi gindin murhun, sannan ta ce masa, "Ka ci abinci?" Ya ce a'a. Ta ce to ya zauna, ɗaya murhun yana nan, yau dai kowa zai yi haƙuri a dafa sau biyu. Bai iya ci ba. Ya koma cikin mota ya rufe ƙofa, washegari ma bai zo ba, sai ita ta ɗauki kwano ta kai masa har can, ta tsaya a ƙasa tana buga ƙofar da murfin kwano har ya buɗe.

Da Zakari ya dawo ya juya ƙonanniyar fankar a hannu, ya ce ya taɓa ganin irinta, a cikin ordinater, wato kwamfuta. Ni kuwa a biro ɗinmu akwai wata tsohuwar ordinater da ta mutu tun tuni, muna ɗora fayil a kanta. Na ɗauko ta a ka na kawo. Ya buɗe bayanta, ga fanka nan cike da ƙura da yanar gizo. Ta ɗan fi waccan faɗi, sai da ya yanka gwangwani ya yi mata baki. Da aka ɗaura ta juya, muryarta ta fi ta da kauri. Alassan da kansa ya riƙe fitilar salula yana haska wa Zakari ƙarƙashin murhu, ko da yake rana tsaka ce kuma ba a bukatar hasken. Wannan ita ce kaɗai rawar da na taka a labarin nan, kuma ina jin cikin takardun da na cika shekara goma sha ɗaya babu wadda ta yi amfanin da tsohuwar ordinater ɗin nan ta yi.

Sai gazwal, man motar Alassan, ya fara ƙarewa. Tayar da inji bayan kwana uku ya koma bayan sati, batir ba ya cika. A nan ne Cha'ibu ya shigo. Wata yamma ya zo da wani abu naɗe cikin buhu, ya jingina shi da bedi. Pano ne na hasken rana, faɗinsa kamar ƙaramar taga, daga ƙetare ya ɗauko shi.

"Tunda ba ki jin magana," ya ce, bai dube ta ba.

"Allah shi saka, Maigida."

"Ba don ke ba ne. Na gaji da jin tari."

Zakari ya hana a ɗaura shi kai tsaye. Ya ce an ƙona fanka ɗaya, ba za a dafa batir ɗin mutane ba. Ya nemo wani ɗan akwati da ake sa wa tsakanin pano da batir, mai hana shi cika fiye da ƙima, yana da ƴan fitilu uku kore. Uku in ya cika, ɗaya in ya kusa ƙarewa. Nasiba ba ta yi lakwal ba, amma fitilu ukun nan ta karance su fiye da Zakari.

Da yake damana ce, rana ba kullum take fitowa ba. Akan yi kwana uku gari a lumshe, fitila ta koma ɗaya. Sai Nasiba ta koyi girki da lissafin sama. Da safe kafin ta auna komai sai ta fito ta dubi gabas, ta dubi akwatin. In gari ya washe kuma fitila uku ce, ranar shinkafa da wake ce da miyar kifi, murhu biyu. In hadari ya haɗo, murhu ɗaya ne, taliya ko dambu, abin da ba ya daɗewa a wuta. Ta koma jiƙa wake tun jiya. Shinkafa in ta tafasa ta tsotse, sai ta kashe fanka, ta sauke tukunyar cikin kwando, ta lulluɓe ta da tsofaffin zannuwa ta ƙarasa da zafin kanta. Direbobi suka gane, har in sun tashi suka ga gajimare sai ka ji suna cewa yau taliya ce. Wata rana na tambaye ta ko abin bai dame ta ba. Ta ce da can itace ke gaya mata lokacin da za ta yi kuka, yanzu rana ke gaya mata abin da za ta dafa, ita ta ga an samu sauƙi.

Bayan girbi motocin suka fara watsewa. Iyayen gidansu sun gaji da jira, aka ce masu iyawa su bi doguwar hanya ta Burkina zuwa Lome, cikin ayari da rakiya, hanyar da kowa ya san ba lafiya gare ta ba. Mai motar Alassan ya kira ya ce ya shirya. Mota ba ta tashi da batir ɗaya. Alassan ya yi kwana biyu yana kewaya rumfa ya kasa faɗi. Ita ce ta faɗa. Da safe ta kwance wayoyin da hannunta, baƙi tukuna sannan ja kamar yadda aka koya mata, ta goge batir ɗin da tsumma, ta kira shi.

"Zo ka ɗauki kayanka. Ya cika, fitila uku."

"Inna, ke fa?"

"Kai za ka shiga daji. Ni ina gida."

Ya ɗauka, amma bai tafi ba sai da ya bi motocin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ya samo wani tsohon batir da mai shi ya jefar don ba ya iya tayar da inji. Zakari ya gwada ya ce mota kam ya gama da ita, amma fanka zai iya juya ta shekara biyu. Ranar tafiya Nasiba ta soya masa kifi ta ɗaure a takarda, da gari da ƙuli-ƙuli. Ya durƙusa ya gaishe ta da Dandanci, wanda su ma a Jugu suke yi, ta amsa masa da Dandancin da ta koya a gidan miji, ban ji abin da suka ce ba. Ya kira sau ɗaya daga Lome ya ce ya isa lafiya. Daga nan lambarsa ta daina shiga. Bayan wata bakwai wani direba ya ce ya gan shi a Paraku yana jan wata motar, ya yi ƙiba. Nasiba ta sa mutumin ya maimaita, ta tambaye shi kamanninsa dalla-dalla, sai da ta tabbata shi ne.

Shekarar da ta biyo wuta ta dawo, ko da yake ba ta daina ɗaukewa ba. Zakari ya zo zai mayar mata da wayar shagonsa, ta ce ya bar ta a naɗe, a riƙa amfani da ita in an yi kwana da kwanaki ba rana. Wata wahalar kuma ta ɓullo ta inda ba ta zata ba: injin da ke matse kashin awakin shi ma da kuran yake aiki, kuma ƙungiyar da ke riƙe da shi ta yi rauni, wani lokacin a yi wata ba a samu ba. Ta gwada ɓawon gujiya zalla, ya ci da sauri kamar takarda. Ta gwada totuwar masara yankakkiya, ta fi dama. Har yanzu tana gwaje-gwajenta, kuma akwai ranakun da dole take komawa gawayi, tana tsaye nesa da shi.

Ni aikin taranzit ya mutu a hannuna, na koma Dosso ina riƙe wa wani ɗan'uwana shago. Bara na je Gaya biki, na biya rumfar. Filin motoci ciyawa ta cinye rabinsa. Benci biyu suka rage, masu cin abincin yanzu yawanci masu jirage ne da ƴan kabu-kabu da ke jigilar mutane zuwa bakin kogi. Nasiba ta rame kaɗan. Likita ya ce mata abin da ya lalace a ƙirji ba ya gyaruwa, amma bai ƙaru ba. Na tarar da mata biyu na ƙungiyarsu sun tono murhunansu, ɗaya har kaza ta yi ƙwai a ciki, suna zaune tana nuna musu inda ake ɗaura waya. Itace ya ƙara tsada, sun dawo suna tambaya.

Cha'ibu ya bar kogi, kafaɗa ta hana shi, ya ba ɗan ƙanensa jirgin. Yana zaune a gindin bedi da carbi, Zakari ya yi wa pano ƙafa mai juyawa, Cha'ibu ke juya shi da safe, da tsakar rana, da la'asar. Na tambayi Nasiba labarin Nuriya. Ta ce tana nan tana matsa musu su koma Yamai wajenta, ta gyara musu ɗaki, har da fanka a sama.

"Za ku je?"

"Maigida ya ce shi ba ya iya barci inda ba ya jin warin kogi. Ni kuma na ce mata bayan salla."

"Wace sallar, Inna?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta juya ta ce wa matar da ke riƙe da waya ta sake, ai baƙar ta ɗauka a maimakon jar.